Aikin Zira

Ranar Asabar da ta wuce ina zaune a zaure ina fama da wata tsohuwar fanka, sai na ji jikata Ummi, 'yar wajen Hadiza, ta buɗe tukunyar shinkafar da ta kama, ta ce wa ƙanwarta wannan ai aikin Zira ne. Yarinyar ba ta cika shekara tara ba. Ba ta taɓa ganin Zira ba, ina jin ma ba ta san sunan mutum ba ne. A bakinku ta ji, ku kuma a bakina kuka ji. A gidan nan in tela ya ɓata wando aikin Zira ne, in mai gini ya karkata bango aikin Zira ne, kuma duk ku yi dariya, ni ma in taya ku. Ran nan ban yi dariya ba. Na ajiye fankar na wanke hannu, na ce gara in rubuta muku abin da ya faru tun ina da idon ganin layi.

Kun san ni, ba sai an gaya muku halin ubanku ba. Ni mutum ne mai zargi. In na ba makaniki babur, sai na yi wa fulogi alama da ƙusa kafin in tafi. In mutum ya cika fara'a a gabana, sai in fara tunanin abin da yake nema. Dadarku, uwar da ta haife ku, ta sha ce mani ko ruwa aka ba ni sai na leƙa gindin kofi, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba, don a sana'ata shi ya raya ni. Shekara talatin da wani abu ina wayarin a gidajen Mubi, kuma mai wayarin da ya yarda da maganar wanda ya ce masa ya kashe layi ba ya tsufa. A cikin abubuwan da na sani kamar sunana har da wannan: wuta mai rauni, wadda muke ce wa lo karan, ita ce ajalin kayan wuta. Firij nawa na buɗe na tarar ya ƙone saboda ita, injin ban ruwa nawa, fanka nawa. Wuta ta zo ba ƙarfi, inji ya yi ta gurnani yana son juyawa ya kasa, ya yi zafi, ya soye. Duk gidan da na shiga sai na ce su sayi sitabilaiza, wato akwatin da ke ɗaga wuta in ta yi ƙasa.

Da gwiwa ta hana ni hawa tsani, sai na kama shago a Sabon Layi, ina buga takardu ina haɗa bidiyon biki da suna. Zira ne ya koya mani. Shagonsa na jikin nawa, bango ɗaya ya raba mu, shi gyaran kwamfuta yake yi. Mutumin Betso ne, Kirista, ya girme Usman ɗina na fari da shekaru da yawa amma bai kai ni ba, don haka Yaya Buba yake ce mani. A shekarar da rikici ya sa duk muka bar gari da ƙafa, shi ya ɗauki Dadarku a babur ya bi da ita ta hanyar dutse, don ba ta iya tafiya. Na faɗi wannan ne don kar wani a cikinku ya ce ai baƙo ne, ban san shi ba. Na san shi sarai. Shi ya haɗa mani kwamfutar tebur ɗin da nake aiki da ita, gunduwa-gunduwa, a gaban idona, ina ƙirga sukurori yana dariya.

A bazarar wata shekara zafi ya yi yawa, kwamfutar ta fara mutuwa a tsakiyar aiki. Haɗa bidiyo aiki ne mai nauyi. In na gama yanka da jerawa na ba ta ta fitar, sai fankarta ta ɗauki ƙara kamar injin niƙa, ta yi rabin awa, sai ɗif. In sake daga farko. Ga batirin sola da ba ya kai ni la'asar. Zira ya buɗe ta ya hure ƙura, ya canza man da ake shafa wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin duka, ya ƙara fanka ɗaya. Ta ɗan samu sauƙi, amma in rana ta take sai ta koma halinta. Ya nuna mani a fuskar kwamfutar inda ake ganin zafinta, lambar tana haura casa'in. Ya ce in ta kai wani wuri, da kanta take kashe kanta don kar ta ƙone. Sai ya ja kujera ya zauna, ya gaya mani abin da yake so ya yi.

"Yaya Buba, wuta ya yi masa yawa. Zan rage masa kaɗan."

"Ka rage masa me?"

"Ƙarfin wuta da yake shiga furosesa. Masu yin shi suna ba shi fiye da abin da yake buƙata, don kowane ɗaya ya tashi. In mun rage, zafi zai sauka, batir zai daɗe, aiki kuma ba zai ragu ba."

"Wato lo karan za ka ba shi da hannunka."

Ya yi dariya, ya ce wannan ba firij ba ne, babu abin da ke juyawa a ciki. Ya ce in wuta ta yi masa kaɗan iyakarsa ya rikice ya tsaya, a tashe shi a ƙara masa, amma in ta yi yawa ita ce ke kashe shi. Na ji maganar, ban yarda da ita ba. A raina na ce yau ga wanda zai koya mani wuta. Amma aiki ya taru, kuma ba ni da wata dabara, sai na ce ya yi, da sharaɗin ina zaune.

Haka muka yi kwana huɗu. Da safe zai zo ya kunna ta yana danna wani maɓalli har ta shiga bayos, wato ɗakin da ake saita kwamfuta kafin ta gama tashi. Can ya rage wutar mataki ɗaya, ɗan ƙanƙani, ya rubuta lambar a wata farar takarda da ya manna a gefen akwatin, ɓangaren da ke fuskantar bango. Sannan ya kunna wata manhaja da ke ɗora wa furosesa lissafi mai nauyi ba hutu, ya bar ta awa biyu ko uku. In ta jure ba ta yi kuskure ba, ya rubuta zafin da ta kai, ya sake shiga ya rage wani matakin. Wani lokaci sai ya ba ta bidiyo na gaske ta fitar, wani lokaci kuma ya bar ta zaune ba aiki, ya ce akwai wadda ke jure nauyi amma ta faɗi lokacin da take hutawa. Na ga lambar zafin tana sauka da idona, daga casa'in da wani abu zuwa tamanin da kaɗan, fankar ma ta rage ihu. Da ni mai hankali ne da wannan ya ishe ni.

Amma ni ba abin da nake kallo ke nan ba. Abin da nake kallo shi ne mutum ya ce zai sanyaya abu, ga shi kuma yana dafa shi awa uku-uku da gangan. Sannan a satin nan ne na ga sabuwar kyamara a shagonsa, cikin kwalinta. Ya ce ta wani fasto ce da ya aiko a duba masa, amma ni na riga na haɗa nawa lissafin: ga mai gyara ya sayi kyamara, ya iya haɗa bidiyo fiye da ni tunda shi ya koya mani, bango ɗaya tsakaninmu, kuma yanzu hannunsa na cikin cikin injin da nake ci da shi. A rana ta huɗu, wajen azahar, ana cikin gwaji sai fuskar kwamfutar ta koma shuɗiya, ta tsaya cik. Na juya na dubi Zira, sai na ga yana murmushi, har da tafa hannu sau ɗaya.

"Yauwa. Mun samu iyakarsa."

Ya rubuta lambar ya ja mata layi, ya ce yanzu mun san inda ba za a wuce ba, za mu koma baya mataki biyu mu tsaya can. Duk wanda ya san aikin ya san abin da ake nema ke nan tun farko. Ni kuwa abin da na gani shi ne injina ya suma mutum yana murna. Wannan murmushin ya tsaya mani a rai, na kai shi gida na ajiye a gaban Dadarku tare da maganar kyamara. Tana tsince wake ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce mutumin da ya goya ta a babur ya haura dutse da ita ba zai tsaya sata a akwatin ƙarfe ba, kuma in ina da tambaya in tambaye shi, ai ba nisa. Na ce mata ba ta san wuta ba. Ta ce haka ne, amma ta san ni.

Washegari aka aiko wa Zira cewa gwaggonsa ta rasu a Betso. Kafin ya hau babur sai da ya shigo ya mayar da saitin baya mataki biyu kamar yadda ya ce, ya kunna gwaji na ƙarshe, wanda zai yi yini guda cur. Ya ce in ta wuce wannan an gama, in kuma ta faɗi in kashe ta kawai in jira shi, kwana uku zai yi. Ya rubuta a ƙasan takardar da manyan baƙaƙe cewa kar a taɓa sai ya dawo. Na ce masa Allah ya ba da haƙuri, ya gaishe da mutanen gida.

Na sha gaya muku cewa aikin gaggawa ne ya sa na kunna ta. Ba gaskiya ba ne. Akwai bidiyon wani biki daga Sorau, amma mai shi ya ce ko sati biyu ne babu damuwa. Abin da ya sa shi ne na zauna ni kaɗai a shago ina kallon injin yana aiki a kan wutar da aka rage masa, kunnena kuma yana jiyo mani gurnanin duk firijin da na taɓa buɗewa. Ko awa biyu bai yi da tafiya ba na tsayar da gwajin. Kwana huɗu ina kallon yatsunsa, na san maɓallin, na san wurin. Na shiga bayos na mayar da wutar yadda take tun asali. Da na tsaya nan da ba a yi asarar komai ba sai wahalarsa. Amma sai na ce injin da ya yi kwanaki da yunwa yana buƙatar a ɗaga masa, kamar yadda sitabilaiza ke yi. Na ƙara masa daidai abin da Zira ya rage, na duba na ga lambar ƙarama ce ƙwarai a idon wanda ya saba da wutar gida, sai na ninka ta. Lambar ta koma ja, wani rubutu ya fito yana gargaɗi, na danna na wuce. Sannan na ciro biro daga aljihu na rubuta abin da na sa a ƙasan rubutunsa. Ban ma yi tunani ba. Duk akwatin wutar da na taɓa a rayuwata sai na rubuta abin da na canza a murfinsa, hannuna ne ya yi abin da ya saba.

Na ɗora mata bidiyon Sorau. Minti goma ba ta yi ba ta mutu. Na ce ka gani, ya riga ya raunana ta. Na jiƙa tawul na shimfiɗa a kan akwatin, na juyo fankar shago a kanta, na sake kunnawa. Ta mutu, na kunna. Haka na yi da ita yini biyu a cikin wannan zafin, tana kashe kanta don ta tsira ina tashinta. A rana ta biyu bayan la'asar na ji wani ɗan ƙas, sai wari ya taso. Na san warin nan, babu mai wayarin da bai san shi ba, kuma na san ba warin ƙarancin wuta ba ne. Tun a lokacin na sani. Ina so ku riƙe wannan, don duk abin da na yi bayansa da sanina na yi.

Zira ya dawo da hantsi, ko gida bai je ba, da ƙurar hanya a jikinsa. Layin shagunanmu ya cika, mai shayi na nan, telan da shagonsa ke kallon namu na nan, masu jiran fotokwafi na nan. Ya shigo da sallama yana tambaya ko ta wuce gwajin. Ban bar shi ya zauna ba. Na fito bakin ƙofa inda kowa zai ji, na ce ya ba injina lo karan ya ƙona shi, na ce tun farko na gaya masa, na kawo maganar kyamara, na ce in shago yake so ya buɗe ai sai ya faɗa. Ya shiga ya sunkuya ya shinshina, ya juyo akwatin don ya buɗe gefensa, ya tsaya ɗan jim yana kallo. Sannan ya mayar da shi yadda yake, gefen nan yana fuskantar bango, ya miƙe.

"Yaya Buba, ka taɓa shi?"

"Ban taɓa ba."

"To."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Mutane suka dube ni, suka dube shi. Ni ne na yi wa rabinsu wayarin gidajensu, ni ne na hana firijinsu ƙonewa, kuma kowa a layin ya san abin da lo karan ke yi. Ba wanda ya tsaya tambaya. Sai da yamma, da na zo ɗauke akwatin in kai shi ciki, na ga takardar a gefensa, da rubutuna a ƙasan nasa da shuɗin biro. Na ɓamɓare ta na ninke na sa a aljihu, na ce wa raina wataƙila bai lura ba.

Magana a Sabon Layi ba ta kwana a wuri ɗaya. Cikin wata biyu mutane suka daina kawo masa gyara, wanda ma ya riga ya kawo sai ya zo ya karɓi kayansa ba a buɗe ba. Ina jin su ta bango suna cewa a ba su haka nan, za su kai wani wuri. Faston ya zo ya karɓi kyamararsa a gaban idona, na kau da kai. Kullum da safe Zira sai ya gaishe ni, ni kuma in amsa a taƙaice kamar wanda aka yi wa laifi, har na fara jin cewa da gaske an yi mani. Kafin damina ta ƙare ya rufe shagon ya koma Betso noma. Ya fitar da 'yarsa daga makarantar da take a nan cikin gari. A gida kuwa na ba da labarin sau da yawa har ya yi santsi, kuka ɗauka, ya zama abin dariya. Dadarku ce kaɗai ba ta taɓa cewa aikin Zira ba har ta koma ga Allah. In an faɗa sai ta tashi ta shiga ɗaki.

Bayan shekara uku Usman ya gama karatun kwamfuta ya haɗa mani wadda ke shagon yanzu. Da bazara ta zo ta fara zafi, sai ga shi ya shiga bayos yana rage wuta mataki-mataki, yana gwaji, yana rubutawa, har ta yi shuɗi ya yi murmushi ya koma baya mataki biyu. Usman, ka tuna abin da ka ce mani ran nan? Ka ce in kwantar da hankalina, wannan ba irin aikin Zira ba ne. Na ce maka to. Kwamfutar nan har yau ba ta sake mutuwa a tsakiyar aiki ba.

Sai bayan rasuwar Dadarku na hau acaba na tafi Betso. Na same shi a gona yana ɗaure karan dawa, ya yi furfura, ya rame. Ya shimfiɗa mani buhu a inuwa ya ba ni ruwa, na sha ban leƙa kofin ba. Na ciro takardar na miƙa masa, na faɗi duk abin da na rubuta muku a nan. Ya karanta ta kamar yau ya fara gani, ya ninke ya mayar mani.

"Na gani tun ran nan, Yaya. Bironka shuɗi ne, nawa baƙi."

"Me ya hana ka nuna wa mutane?"

"Kai babba ne, ga yaranka suna zuwa shago. Na ce in rai ya huce za ka faɗa da kanka. Na jira wata biyar."

Na ce ya yafe mani. Ya ce ya yafe tun tuni, ba don haka ba da ba zai ba ni ruwa ba. Sai ya dubi awakinsa, ya ce abu ɗaya ne kawai: maganar farko a bakin titi na yi ta, mutum talatin suna ji, wannan kuwa na kawo ta gona inda ba kowa sai shi da awaki. Bai ɗaga murya ba, ya koma ɗaure karansa.

Na dawo da niyyar in tsaya a bakin shagon in faɗa. Na yi, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Amma mai shayin ya rasu, telan ya koma Yola, yawancin waɗanda suka tsaya saurarona ba su san wani Zira ba, wasu ma sun ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni. Na ji kunya, kuma na ji haushin kaina, don na makara. Maganar ta mutu a layin da aka haife ta, wuri ɗaya kawai ta rage da rai, shi ne cikin gidana, a bakin 'ya'yana da jikokina. Ku ne kuma na kasa faɗa wa ido da ido, shekara biyu ke nan ina cewa gobe.

Takardar tana cikin ƙaramin akwatin ƙarfe na ƙarƙashin gadona, tare da takardun gida. Ku ɗauko ku duba, duk kun san rubutuna. Usman, kai za ka karanta wa ƙannenka wannan, su kuma su gaya wa nasu 'ya'yan, har da Ummi. Zira yana nan da ransa a Betso, ba ya buƙatar komai a wurinku, amma in kun je ku gaishe shi da sunan Baba. Daga yau kuma in shinkafa ta kama a gidan nan, ko wani ya sa hannu a abin da aka ce masa ya jira, ku ce aikin Buba ne. Zan amsa.